Ƙirji Inci Arba'in da Huɗu

"...lafiya lau, lafiya ƙalau, ya hanya? A'a, tsaya daga nan! Kar ki matso, warin mota kike yi."

"Wa zai matso ka? In je ƙashi ya soke ni a banza?"

Gaban Baba Tela ya faɗi, amma ya dake. Ya san tsokana ce irin wadda suka saba tun tana 'yar mitsitsiya, sai dai yau maganar ƙashi ba abin wasa ba ce a wurinsa. Yana tsaye a tsakiyar tsohon shagonsa, wanda yanzu ya zama falo, sanye da shuɗiyar suwaita ta ulu, ya turo ƙirji gaba kamar ɗan kokawa. Wadda ke bakin ƙofa da jaka a kafaɗa jikarsa ce, 'yar 'yarsa, malamar lissafi a wata makaranta mai nisan awa biyu a mota. Tun da ta koyi saƙa bara ya raɗa mata suna Gizo-gizo, sunan kuma ya bi ta.

Ga yadda abin yake. Tun da matarsa ta rasu, shekara biyu ke nan, Baba Tela ya koma rayuwar shayi da burodi, ya yi ta zubewa har wandunansa suka fara neman guduwa su bar shi. 'Yarsa kuwa, uwar Gizo-gizo, wadda yake kira Hukuma in ba ta kusa, ta riga ta yi rantsuwa cewa ranar da ta ga ya rame za ta turo mota a kwashe shi zuwa gidanta, hawa na uku, inda ba keken ɗinki, ba bencin ƙofar shago, ba abokan hira. Shi kuma ya gwammace komai da wannan. In ta kira shi a waya ta bidiyo sai ya manna wayar a fuska, ba a ganin komai sai hanci. In an zo gaishe shi sai ya zuba riga mai faɗi kamar laima. Da Gizo-gizo ta nemi awonsa ta waya don ta riƙa saƙa masa kaya, sai ya buɗe tsohon littafin awo ya karanto mata na lokacin da yake ɗan shekara arba'in da biyar. Wa zai yi wa tela musu a kan awo?

Jiya da yamma ta kira ta ce ƙungiyarsu ta masu saƙa za ta rufe shekara, kowa zai kawo hotunan abin da ya saƙa a jikin mai shi, kuma uwarta ma ta ce a tura mata. Shi ya sa tun da safe ya zazzage buhun ƙyallaye, ya cusa a ƙirji da ciki, ya ɗora soson kafaɗa bibbiyu, sannan ya zura suwaitar a kai.

"Kai, Tsoho," in ji Gizo-gizo tana zagaya shi da ido, "wallahi ta zauna maka! Kamar a jikinka aka saƙa ta."

"To da a jikin wa? Amarya, ke dai ki gode wa Allah da ya ba ki miji mai ƙira. Da wani ne, wannan tarkon kifin naki ko almakashi ba zai gyara shi ba."

"Allah ya tsare ni da miji mai haƙori shida."

"Bakwai."

"Ka ƙirga da na cikin kofi ne?"

"Shi ma nawa ne, da sunana aka yi shi."

Ta ajiye jaka, ta ciro waya da wani ɗan littafi da ta rubuta duk abin da ta saƙa wata-wata. Ya zauna a bakin kujera a hankali, a miƙe kamar an haɗiyar masa da sanda, domin in ya tanƙwara cikin zai haura wuya.

"Mu fara daga farko," ta ce. "Watan ɗaya, jar hula. Ina take?"

"Tana aiki."

"Wane irin aiki?"

Ya nuna teburi da haɓa. Ga jar hular can a kife a kan butar shayi, bakin butar ya leƙo ta wata ɓula.

"Tsoho! Hular da na yi kwana goma sha ɗaya ina saƙawa ka sa wa buta?"

"Ai ita aka saƙa wa. Ni kaina ba shi da baki a gefe. Ke kika bar ɓula, buta ta ga ƙofa ta shiga."

"Ba ɓula ba ce, ado ne."

"Adon da iska ke shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu? Na sa ta sau ɗaya, maƙwabci ya tambaye ni wa ya jefe ni."

Ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, dariya ta ci ƙarfinta. "To na yarda, wannan laifina ne. Lokacin ban ma iya riƙe kibiyar saƙa ba. Zare ya zame, ban san yadda ake kamo shi ba, sai na yi kamar ban gani ba. Malamarmu ta ce duk wanda ya yi kamar bai ga kuskurensa ba zai same shi yana jiransa a layi na ashirin."

"Mace mai hankali. Tana da miji?"

"Tana da haƙora, ba za ta kula ka ba. Watan biyu da na uku, mayafin wuya."

"Wanne? Titin jirgin?"

"Kai ka ce kamu uku!"

"Na ce kamu uku, ban ce ki yi ta tafiya sai ulu ya ƙare a duniya ba. Na naɗa shi a wuya sau biyar, sauran yana bina a ƙasa, karen gidan can ya raka ni har kanti. Yanzu yana ƙarƙashin ƙofar baya yana tare iska, rabinsa kuma yana tare ta taga."

"Ban iya rufe saƙa ba ne a lokacin," ta ce tana rufe fuska da littafin. "Na iya farawa, ban iya tsayawa ba. Kunya ta hana ni tambaya, sai na yi ta yi ina jiran Allah ya kawo ƙarshe."

"Gadon uwarki ne. Ita ma in ta fara magana haka take."

"Zan gaya mata."

"Ki gaya mata na ce Allah ya ƙara mata lafiya."

Zufa ta fara tsattsafo masa a goshi. Rana ta ɗaga, ɗakin ya ɗumame, ga ulu, ga ƙyallaye kusan rabin buhu. Ya ɗauki murfin kwali yana fifita, yana addu'ar ta yi sauri.

"Safa fa? Koraye guda biyu, watan biyar."

"Ɗaya tana riƙe min da tabarau. Ɗayar kuma mage ta karɓa."

"Mage ta karɓa! Da izinin wa?"

"Je ki tambaye ta, tana bayan keken ɗinki. Amma ki yi sallama, mai jego ce. Ta haihu a cikin falmaran ɗinki ta watan bakwai."

Gizo-gizo ta leƙa bayan keken. Ga mage kwance a kan falmaran mai ruwan ƙasa, 'ya'ya huɗu na tsotso, koriyar safa a gefe kamar matashi. Ta dafe kai.

"Falmaran ɗin da na yi wa maɓalli shida! Ka san a cikin mota na saƙa ta? Direba ya faɗa rami, kibiya ta soki wani mutum a cinya, sai da na yi ta ba shi haƙuri har tasha."

"Ai shi ya sa na ba wa mai jego. Kayan da ya taɓa jinin mutum ba na sawa."

"Ƙarya kake, ko ƙwarzane bai yi ba. Shekara guda ina saƙa, ashe buta da ƙofa da mage nake yi wa hidima!"

"Kuma duk cikinsu ba wanda ya kawo ƙara. Ki gode musu."

Gaskiyar ita ce falmaran ɗin ba ta da aibu ko ɗaya. Ranar da ta iso ya gwada ta a gaban madubi, ya ga mutum biyu irinsa za su shiga su bar wa baƙo wuri, sai ya ninke ta ya ɓoye a bayan keke don kar ya riƙa ganinta. Abin ya dame shi a lokacin, yanzu ma da ya ga yarinyar tana shafa maɓallan sai ya ji ba daɗi.

"To ba komai," ta ce, ta miƙe tana karkaɗe gwiwa. "Duk waɗancan koyo ne. Wannan ta jikinka ita ce jarrabawa. Wata uku na yi a kanta, Tsoho. Sau uku ina warware ta. Hannun dama ya fi na hagu tsawo, na warware. Wuya ya ƙi shiga kan ƙawata, na warware. Ran nan a ɗakin malamai na zauna na yi kuka sosai, mai shara ya ɗauka rasuwa aka yi min. Amma da ka ce min a waya ta yi cif-cif, wallahi ji na yi kamar an ba ni kujerar shugabar makaranta."

"To ai ga shi kin gani da idonki. Ɗauki hoton mu tashi, zafi ake yi."

"Zafi? Kai da kake cewa sanyi na shiga ƙashinka? Ji yadda kake zufa kamar mai tuya."

"Ƙarfi ne ke fita. Mu masu jini a jika haka muke."

"Miƙe. Ɗaga hannu sama in ga hammata."

"Ba na ɗaga wa mace hannu. Ni ba ɓarawo ba ne."

"To juya in ga baya."

"Ba na juya wa amarya baya, rashin ladabi ne."

"Yau kuma ladabi ya zo gidan nan? To tsaya haka. Ɗan yi murmushi. A'a, rufe bakin, kar 'yan ƙungiya su tsorata."

Ta ɗaga waya, ta ja baya, ta matso, sai ta tsaya cak. Ta runtse ido ɗaya tana kallon gindin suwaitar.

"Kai, zare ya fito. Ni da na soke kowane bakin zare da allura!"

"Bar shi! Ado ne."

"Ni za ka gaya wa ado?"

Kafin ya kauce ta cafke zaren ta ja. Zaren bai tsinke ba, sai ya taho da wani ƙyalle ja mai furanni. Ta bi shi da kallo, ta sake ja. Wani rawaya ya biyo baya, sannan guntun labule, sannan aljihun wando guda cur. Baba Tela ya rungume cikinsa da hannu biyu, amma aikin gama ya gama, domin da ya matse ciki sai ƙirjin ya sulmiyo ƙasa, soson kafaɗar hagu ya gangara ta hannun riga ya faɗo a kan takalminta. Cikin ƙiftawar ido ɗan kokawa ya zube a ƙasa tsibi guda, aka bar wani siririn tsoho tsaye a cikin suwaita tana reto kamar an rataye ta a ƙusa.

"Mage ce," ya ce da sauri. "Ita ke tara min tsummoki a cikin kaya."

"Har da soson kafaɗa?"

"Mage ce mai sana'a. A shagon tela ta tashi."

Gizo-gizo ta fashe da dariya har ta durƙusa, tana nuna tsibin ƙyallayen tana riƙe ciki. Ta ɗago don ta ƙara masa wata, sai idonta ya sauka a kan wuyansa, da ƙasusuwan da suka fito a gindin wuyan, da yadda hannun suwaitar ya haɗiye yatsunsa. Dariyar ta tsaya. Ta miƙe, ta zare tef ɗin awo daga wuyan keken ɗinki.

"Cire."

"Amarya, kunya fa."

"Kaka, cire."

Rabon da ta kira shi Kaka tun ranar da aka yi rasuwar matarsa. Ya cire. Ta zagaya tef a ƙirjinsa a kan singileti, ta duba, ta sake dubawa.

"Talatin da biyar. Ka ce min arba'in da huɗu."

"Tef ɗin ne ya tsufa, ya saki."

"In ya saki ai ƙara maka zai yi... a'a, rage maka zai yi... kai, kar ka ruɗa ni, ni ke koyar da lissafi! Inci tara, Kaka. Ina ka kai inci tara?"

Ya zauna a kan kujera, ya ɗauki ƙyalle ɗaya yana ninkewa, yana warwarewa.

"Ba ciwo ba ne," ya ce. "Abinci ne ba ya wucewa. In na zuba a kwano na zauna, sai in ji shiru ya yi yawa. Kakarki ba ta taɓa barina na ci loma uku ba tare da ta yi min faɗa a kan wani abu ba. Ashe da faɗan nake haɗiyewa."

Ta shiga naɗe tef a yatsa. Wayarta na kan teburi kusa da buta, shi kuma ita yake kallo.

"In kika tura wa uwarki hoton nan," ya ce, "jibi mota na ƙofar gida. Za a ɗora ni a hawa na uku kamar tsohuwar akwati, a ba ni taga in riƙa ƙirga motoci. Shekara arba'in da shida ina buɗe ƙofar nan da hannuna. Tsoro nake ji, Gizo-gizo, ba zan ɓoye miki ba."

"Shi ne ka bar ni ina saƙa wa wani ƙato da ban taɓa gani ba? Shekara guda ina hidimar mutumin da ya ɓace tun kafin a haife ni!"

"Ai kyakkyawa ne. Da kin gan shi da ke kika kawo kanki."

"Allah ya kiyaye. Da ƙirji ko ba ƙirji, haƙoran dai su ne."

"Lokacin talatin da biyu ne cif!"

Ta share ido da bayan hannu, ta ɗauki suwaitar ta ɗaga ta sama tana dubawa. Ya san abin da masu saƙa ke yi wa kayan da ya yi yawa, sai ya yi saurin cewa, "Ki warware ta, ki rage. Wannan karon zan ba ki awo na gaskiya, in ma kina so in rantse."

"In warware? Karo na huɗu? Ko zare ɗaya ba zan taɓa ba. Suwaita ba ta yi laifi ba, lissafinta daidai yake. Kai ne ka faɗi jarrabawa, kai za ka maimaita aji."

"Kamar yaya?"

"Cika ta za ka yi. Da nama, ba da labule ba. Duk Asabar ina nan da tef da tukunya. In dafa, in zauna a gabanka in yi ta yi maka faɗa har ka cinye. Faɗa kake so? Ka samu, ina da na shekara guda a ajiye. Jibi kuma likita zai duba ka, da ni za a je."

"Hukuma fa?"

"Zan tura mata hoton buta da hula, da mage da falmaran. In ta tambayi suwaita, zan ce mai ita yana kan gwaji. Amma ka ji da kyau, ranar da tef ya nuna ƙasa da talatin da biyar, ni da kaina zan kira ta, har in taya ta ɗaure akwati."

"'Yan ƙungiyar taku fa? Wannan ce ta fi kyau a duk abin da kika yi. Haka za ki je ba hotonta?"

"Zan bar shafin ba komai. In rubuta a ƙasa: ana jiran mai kaya ya iso."

"Inci tara! Ke, ni mutum ne ko ragon kiwo?"

"Rago ai ana samun mai saye."

Baba Tela ya dube ta, ya dubi tsibin ƙyallayen da ke ƙasa, sai dariya ta kuɓuce masa, irin wadda ya daɗe bai yi ba, har da tari. Ya miƙa hannu ya jawo aljihun keken ɗinki, ya lalubo wani makulli a cikin maɓallai da tsofaffin allurai, ya miƙa mata.

"Ungo, na ƙofar gaba ne. Kin ci ni. Amma ki sani ba don ina son ganinki ba ne, don kar ki riƙa buga min ƙofa kina tara min jama'a."

"Ni ma ba don kai zan zo ba, don suwaitata zan zo. Akwai ƙwai a gidan nan?"

"Akwai. Soya biyu."

"Biyar."

"Uku, kuma ke za ki wanke kasko."

"Huɗu, kuma ka daina yi min ciniki kamar a kasuwa, tsoho kawai mai cikin labule!"

Ta shige kicin tana ta sababi a kan kaskon da ya yi tsatsa, da man da ya kusa ƙarewa, da wanda ya ajiye cokali a cikin gwangwanin sukari. Baba Tela ya mayar da suwaitar jikinsa, ya naɗe hannuwan sau uku, ya zauna a cikinta yana sauraron faɗan. Can ya ji cikinsa ya yi ƙugi, sai ya ɗaga murya.

"Amarya! In kin ga na biyar ɗin a kusa, fasa shi."